Takun Farko a Duniyar Wata da Faifan da Aka Goge

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana juya bidiyo daga wani tsari zuwa wani ya san lambar nan mai ban haushi, 29.97. Mu masu rubuta manhaja ko rubuta ta haka ba ma yi, sai dai 30000/1001, don in aka yi mata kwaskwarima ko yaya, kafin dogon fim ya ƙare baki ya rabu da murya. Lambar gado ce. Masu silima sun tsaya a kan hoto 24 a sakan guda tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fim ya fara magana. Talabijin kuwa wutar lantarki ta bi. Ta Amurka tana kai-komo sau 60 a sakan, sai aka yi hoto 30. Ta Turai, irin wadda muke da ita a Najeriya da Nijar, sau 50 take yi, sai aka yi 25. Da Amurka ta tashi sa launi a 1953, aka ga siginar launi za ta riƙa karo da ta sauti, sai injiniyoyi suka rage gudun hoton da kashi ɗaya cikin dubu.

Mu ma wannan rarrabuwar ta taɓa mu ba mu sani ba. In za a mayar da fim mai hoto 24 kaset irin namu, ba a wahalar da kai, gudu ake ƙara masa zuwa 25. Fim ɗin Indiya na awa uku sai ya ƙare da wuri da kusan minti bakwai, muryar mawaƙiya kuma ta ɗan ƙara tsini. Wannan asara ce mai sauƙi. Babbar an yi ta ne a 1969.

Kyamarar da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka da ita duniyar wata, ƙirar Westinghouse, ba ta jin yaren kowace talabijin ta duniya. Hanyar rediyon da ke tsakanin kumbon Apollo 11 da ƙasa tana ɗauke da murya da bayanan na'urori, abin da ya rage wa hoto ɗan kaɗan ne. Sai aka ƙera ta tana aiko hoto 10 kacal a sakan, baƙi da fari, kowane da layi 320, alhali gidajen talabijin na Amurka layi 525 suke so da hoto kusan 30. Tashoshi uku ne suka kamo siginar: Goldstone a Kalifoniya, da Honeysuckle Creek da Parkes a Ostareliya. Dole a juya ta nan take, duniya na zaune tana jira.

Yadda aka juya ta kuwa, wanda ya taɓa ɗaga waya ya ɗauki fuskar talabijin ya san dabarar. Na'urar da kamfanin RCA ya ƙera tana nuna hoton wata a kan wani ƙaramin allo mai kyau, sai wata kyamarar talabijin ta yau da kullum ta kafa masa ido tana ɗauka. Talabijin ta Amurka takan raba kowane hoto biyu, ta zana rabi 60 a sakan. Don haka da hoto ɗaya ya cika a allon, kyamarar ta ɗauki rabi guda, a ajiye shi a wani faifan maganaɗisu, a sake kunna shi sau biyar. Goma sau shida, sittin. Lissafi ya fita, amma hoto ya sha wuya. Ya rasa layuka, haske da duhu suka cakuɗe, sannan ya bi wayoyi da taurarin ɗan'adam zuwa Houston yana ƙara dusashewa. Masu kallo a Turai sai da aka sake juya musu shi zuwa nasu tsarin. A 'yan sakannin farko ma hoton Goldstone a kife ya fito, don a kife aka maƙala kyamarar a jikin kumbon, kuma ba a murɗa makunnin da zai miƙar da shi ba.

Da ƙarfe 3:56 na daren Lahadi wayewar Litinin, 21 ga Yuli a agogon Najeriya, Armstrong ya sa ƙafa. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 600 sun kalla. Abin da suka gani wata inuwa ce mai kama da fatalwa tana saukowa daga tsani. Ma'aikatan da ke tsaye gaban allon asali a tashoshin nan su kaɗai suka ga hoton yadda ya iso, tar da shi.

Ba a yi sakaci a daren ba. Kowace tasha ta naɗi ɗanyar siginar, kafin a taɓa ta, a kan manyan faifan tef masu faɗin inci ɗaya, ko da watsawar kai tsaye za ta sami matsala. Ba ta samu ba, shi ya sa ba wanda ya sake waiwayar su. Aka kai su cibiyar Goddard da ke Maryland, daga nan zuwa rumbun ajiyar gwamnati, a matsayin faifan bayanan na'urori, ba na bidiyo ba. A farkon shekarun 2000 wasu tsofaffin ma'aikatan Ostareliya suka fara tambayar ina suke. Aka kafa bincike, ciki har da Stan Lebar wanda ya jagoranci ƙera kyamarar, da Richard Nafzger na Goddard. A 2009 hukumar NASA ta faɗi abin da aka gano: kusan tabbas faifan suna cikin wajen 200,000 da aka goge aka sake naɗar wasu bayanai a kansu, lokacin da tef ya yi ƙaranci a farkon shekarun 1980.

Abu ne mai sauƙi mu zagi wanda ya goge, amma mu ba mu da bakin yin haka. Shi ya ga kwali ne mai lamba, kuma kowa ya san bidiyon saukar wata yana nan a gidajen talabijin. Tunanin da muke yi ke nan duk ranar da muka matse bidiyon biki don ya shiga WhatsApp, muka share na asali don a sami fili a waya, ko aka juya tsohon kaset ɗin fim ɗin Kano zuwa faifan CD aka watsar da kaset ɗin. Kwafi yana wasa, sai mu ɗauka shi ne abin.

Abin takaicin a wajenmu shi ne, aikin da na'urar RCA ta yi da kyamara da allo, yau layi ɗaya na umarni ne a manhajar ffmpeg, ba tare da ko ɗigo ɗaya ya salwanta ba. Abin da za a ba ta ne babu. Da aka tashi gyara hotunan don cika shekara 40, galibin abin da kamfanin Lowry Digital ya samu kwafi ne da aka riga aka juya, daga rumbun CBS da na Sidni da na Houston, su ya wanke ya share. Daga hoton asali kuwa, abin da ya tsira 'yan hotuna ne da wani guntun fim mai faɗin milimita 8, waɗanda ma'aikata suka ɗauka da kyamarorinsu a gaban allo a daren.