Lehrhaus: Tarihin Makarantar Manya ta Yahudawan Frankfurt

Lehrhaus makaranta ce ta manya wadda masanin falsafa Franz Rosenzweig ya buɗe a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus ranar 17 ga Oktoba, 1920, domin Yahudawan da suka yi zurfi a boko amma ba su iya karatun littattafan addininsu ba. Gajerun bayanai da yawa kan ce ta yi aiki daga 1920 har 'yan Nazi suka rufe ta a 1938. A nan akwai gyara. Makarantu biyu ne suka ɗauki wannan suna a Frankfurt, da tazarar shekaru a tsakaninsu, kuma ta farkon ba hukuma ce ta kashe ta ba.

An haifi Rosenzweig a Kassel a 1886, a gidan masu hali inda addini ya zama sai dai suna. A 1913 saura ƙiris ya koma Kiristanci kamar wasu 'yan uwansa, amma bayan ya halarci ibadar Ranar Kaffara a wata ƙaramar majami'a a Berlin sai ya fasa. Babban littafinsa na falsafa, Der Stern der Erlösung, a fagen daga ya fara shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kan katunan wasiƙa da yake aikowa gida daga yankin Balkan, aka buga shi a 1921. Hanyar zama malamin jami'a a buɗe take gare shi, ya bar ta ya zaɓi koyar da manya.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne tsarin karatun. Yahudawa na da tsohuwar al'adar ɗakin karatu, mai kama da makarantar zaure a wajenmu, inda magidanta ke zama gaban malami a buɗe littafi a bi shi layi-layi. A can daga Attaura ake farawa, sannan a fito da ita cikin rayuwa. A jawabinsa na buɗe makaranta Rosenzweig ya ce mutanen zamaninsa sun yi nisa da wannan hanya, don haka dole a juya ta: mutum ya taso daga inda yake, da aikinsa da iliminsa na zamani da shakkunsa, ya doshi Attaura. Bai nemi kowa ya ajiye bokonsa a bakin ƙofa ba. Shi ya sa yawancin masu koyarwa ba malaman addini ba ne. Eduard Strauss, wanda darasinsa na Littafi Mai Tsarki ya yi farin jini, masanin kimiyyar sinadarai ne. Richard Koch likita ne. Siegfried Kracauer ɗan jarida ne. Erich Fromm, wanda daga baya ya shahara a nazarin halayyar ɗan Adam, a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Malamin da ya koyar yau yana iya zama ɗalibi gobe a ajin wani, kuma ɗalibi na da damar katse malami da tambaya. Babu jarrabawar shiga, babu takardar shaida a ƙarshe. Makarantar ba ta da ginin kanta, kuma kuɗi ake biya, ba kaɗan ba.

Akwai gogaggu a cikin masu koyarwar. Limamin Yahudawa Nehemiah Nobel kan cika zaure da jama'a kafin rasuwarsa a Janairun 1922. Gershom Scholem ya karantar da tsoffin matani cikin Ibrananci, marubuci Shmuel Yosef Agnon ma ya ba da gudummawa. Laccocin da Martin Buber ya gabatar a farkon 1922 su ne suka zama harsashin littafinsa Ich und Du na 1923, mai magana kan yadda mutum ke fuskantar ɗan uwansa da Ubangijinsa.

A farkon 1923 masu rajista sun kai kimanin 1,100, a garin da Yahudawansa ba su wuce wajen 30,000 ba. Wannan adadi ake yawan kawowa a matsayin shaidar nasara, amma yana ɓoye wani rauni. Niyyar Rosenzweig ita ce manyan laccoci su zama hanyar jawo mutane zuwa ƙananan azuzuwa, inda ake koyon Ibrananci da karatun matani da gumi. Jama'a sun yi dafifi wajen sauraron Buber, kaɗan ne suka zauna koyon baƙi. Ga kuma rashin lafiya: a 1922 aka gano Rosenzweig na da ciwon da ke shanye jiki sannu a hankali, har ya hana shi rubutu da magana. Rudolf Hallo ya riƙe shugabanci na ɗan lokaci. Daga kan gadon jinya, da taimakon matarsa Edith, Rosenzweig ya fara fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci tare da Buber a 1925. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 1929, Buber kuma bai kammala fassarar ba sai 1961.

Shekarar rufe makarantar farko ita ce inda marubuta suka rabu: wasu na cewa 1926, wasu 1927, wasu kuma na jan ta har zuwa rasuwar Rosenzweig. Abin dogaro shi ne karatu na yau da kullum ya tsaya tsakanin 1926 da 1927, abin da ya biyo baya tarurruka ne na jefi-jefi.

Ta biyun Buber ne ya buɗe ta a Nuwamban 1933, bayan Hitler ya hau mulki. Yanayi ya sauya gaba ɗaya, domin masu zuwa yanzu mutane ne da ake kora daga jami'o'i da ofisoshi saboda Yahudancin da da yawansu ba su ma san shi ba. Buber ya tafi Ƙudus a 1938. Abraham Joshua Heschel, wanda ya gaje shi, an kore shi zuwa Poland a Oktoban shekarar, makarantar kuma ta rufe kafin shekarar ta ƙare.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sunan ya sake bayyana a wasu wurare. Fred Rosenbaum ya kafa Lehrhaus Judaica a Berkeley ta Amurka a 1974. Taron Limmud da aka fara a Ingila a 1980 bai ɗauki sunan ba, amma yana bin ƙa'idar kowa malami kowa ɗalibi. A Zurich ta ƙasar Suwizalan an buɗe wata Lehrhaus domin Yahudawa da Kiristoci su yi karatu tare, daga baya aka ƙara darussan Musulunci a cikinta.