Yaƙin Arewa Mai Nisa Da Waɗanda Suka Ba Da Labarinsa

Mu Hausawan Kamaru mutanen rediyo ne tun zamanin iyayenmu. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan RFI a 2007. Daga unguwar Briketeri ta Yawunde har zuwa zaurukan Garwa da Marwa, dattawanmu sun saba da zama bayan sallar Asuba suna sauraron abin da ke faruwa a Falasɗinu ko Laberiya. Ba su taɓa zaton wata rana sunayen ƙauyukan da suke fatauci ne za su riƙa fitowa daga akwatin ba.

Abu na farko da ya shafe mu shi ne suna. Ƙungiyar da ta yi tawaye a Maiduguri cikin watan Yulin 2009 tana kiran kanta da wani dogon suna na Larabci, amma laƙabin da mutanen gari suka liƙa mata shi jaridu suka ɗauka, domin gajere ne mai sauƙin faɗi. Da haka "boko", kalmar da muke kiran makaranta da ita, ta zagaya duniya a kan kanun labaran kisa. Mai karatun da bai san yankin ba sai ya haɗa harshen da ta'asar, alhali masu jin wannan harshe suna cikin waɗanda ake kashewa a kasuwa da masallaci.

Abu na biyu shi ne ma'aunin rai. A watan Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza, nan take sunan Arewa Mai Nisa ya shiga manyan jaridun Turai har aka sako su bayan wata biyu. A farkon Janairun 2015 kuwa, an kai harin Baga a bakin Tafkin Chadi kwanaki kaɗan kafin harin jaridar Charlie Hebdo a Paris. Shugabannin duniya suka yi jerin gwano saboda mutum 17 da aka kashe a Faransa. Na Baga ko adadinsu ba a daidaita a kai ba: sojojin Nijeriya suka ce 150, wasu rahotanni suka ce har 2,000. Wannan tazara ta nuna cewa babu ɗan jaridar da ya isa wurin ya ƙirga. Bayan wata guda aka afka wa Fotokol, aka kashe mutane da dama a gidaje da masallaci, labarin bai daɗe ba ya shuɗe.

Abu na uku shi ne makomar wanda ya kusanci wuta. A watan Disambar 2014 aka kafa dokar yaƙi da ta'addanci, wadda ta ba kotun soja hurumin shari'ar farar hula. Ranar 30 ga Yulin 2015 aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa. An zarge shi da ƙin tona asirin 'yan ta'adda, aka yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin, ya fito a Disambar wannan shekarar. Kowane wakili ya fahimci darasin: in ka yi magana ka shiga uku, in ka yi shiru labarin ya zama na sanarwar hukuma da faifan bidiyon mayaƙa kawai.

Duk da haka gaskiya ba ta rasa ƙofa ba. A 2018 wani bidiyo ya bazu a intanet, ana ganin masu kayan soja suna harbe mata biyu da yara biyu. Da farko hukuma ta ce ƙirƙira ce. Masu binciken BBC suka gwada tsaunukan da ke cikin hoton da taswirar tauraron ɗan'adam, suka gano cewa kusa da Zelevet ne. A 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma.

Yau kowannenmu yana da waya a hannu, kowa ya zama mai ba da labari. Kafin mu tura hoton gawa ko adadin mamata, mu tambaya: wa ya gani, a wane gari, yaushe? Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Minawawo da Mora da Kusiri suna raye, suna riƙe da sunayen mamatansu. Mu zauna da su, mu rubuta da Hausa, tun kafin mantuwa ta riga mu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.