Daga rawanin Damargu zuwa hasken X: taƙaitaccen tarihin binciken shuni

A cikin wannan ɗan rubutu, muna so mu bi tarihin wata tambaya: mi ya sa shuni ba ya saurin koɗewa a rana?

A Belbeji da Tanut mun tashi muna ganin turkuɗi a kan Abzinawa. A Kura, kusa da Kano, ake rina shi, a buga masa garin shuni har ya yi ƙyalli, sannan ayari ya hauro da shi ta Damagaram da Damargu zuwa Agadas. Heinrich Barth ya bi ta Damargu a Janairun 1851, kuma ya yi rubutu kan cinikin tufafin Kano.

Marina sun san aikin shuni tun da daɗewa; sanin cikinsa ne ya zo daga baya. A 1883 Adolf von Baeyer, a Jamus, ya gano yadda ƙwayar shuni take: zarra 30, wato karbon 16, haidirojin 10, nitirojin 2 da oksijin 2. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta, abin da ya raunana noman baba a duniya.

Röntgen ya gano hasken X a 1895, shi ne wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi gidan likita. A 1912 von Laue ya nuna cewa wannan haske yana bayyana jerin zarra cikin daskararren abu. Da shi Hélène von Eller ta nuna, a Faransa a 1955, yadda ƙwayoyin shuni ke riƙe juna ta hanyar haidirojin.

Amsar tambayarmu tana nan: idan rana ta bugi shuni, elektron ne ke karɓar ƙarfin, amma nan take ya miƙa shi ga zarrar, su yi rawa, ƙarfin ya fita a matsayin zafi kafin ƙwayar ta karye. Irin wannan haɗin gwiwa tsakanin elektron da rawar zarra ana auna shi da hasken X a manyan cibiyoyi kamar ESRF ta Grenoble, wadda aka buɗe a 1994.

A ƙarshe, muna kira ga ƴan tarihi da masana kimiyya na Jami'ar Abdu Mumuni da su haɗa hannu, su tattara tsoffin rawuna da bayanan marina, tun masu sanin suna da rai.