Shaidar da Laka ta Bayar a Tafkin Yoa

Ma'abota tarihi, idan suka nemi sanin abin da ya gabata, ga littafi suke komawa ko ga bakin dattawa. Amma akwai zamanin da ya riga alƙalami, ya kuma riga kowace ruwaya, wanda daga cikin masu ba da shaida a kansa akwai lakar da ta kwanta a ƙasan tafkuna. Dalili kuwa shi ne, Allah cikin hikimarsa ya lulluɓe ƙurar furanni, da ƙwayoyin da tsire-tsire marasa fure ke yaɗuwa da su, da wani ɓawo mai tsananin ƙarko, har takan yiwu iska ta kwashe su ta zuba a ruwa, su nutse, laka ta rufe su, su shekara dubbai ba su ruɓe ba.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lennart von Post, shi ya aza harsashin fannin nazarin ƙurar furanni a cikin wata lacca da ya gabatar a shekarar 1916, a birnin da yau ake kira Oslo, inda ya nuna cewa ƙidayar waɗannan ƙwayoyi hawa-hawa tana bayyana yadda dazuzzuka suka yi ta sauyawa. Daga baya Gunnar Erdtman ya kyautata hanyar wanke su da ruwan asid, domin siffarsu ta fito sarai a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu.

A nan fa aikin yake da wahala, domin sai mai bahasi ya zauna yana tantance su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai koyon ajami yake rarrabe baƙaƙe da ɗigo: wannan tana da ƙofa ɗaya, to ta ciyawa ce, waccan tana da tsaga uku da ƙayoyi a jikinta, wata kuwa tabonta ya rabu gida uku, alamar tsiro ne marar fure mai son laima. Kuma ilmin yana da haddinsa, don kuwa ƙurar gero da ta ciyawar daji sun yi kama ainun, har da wuya a kafa hujja da ita a kan lokacin da aka fara noma.

Tafkin Yoa, wanda yake a Unianga, can arewacin Chadi a tsakiyar hamada, shi ya ba da shaida mafi tsari kan yadda Sahara ta bushe, saboda lakarsa ta kwanta shekara bisa shekara ba tare da yankewa ba. Stefan Kröpelin na Jami'ar Kolon ta Jamus da abokan aikinsa suka kafa bututu suka zaro lakar kimanin shekara 6,000, suka bayyana sakamakon a 2008. A cikin hawa na ƙasa sun tarar da ƙurar ciyawa mai yawa, da ta kalgo da faru, itatuwan da yau sai an yi tafiya mai nisa kudu ake ganinsu, tare da ƙwayoyin tsire-tsire masu son laima. Sannu a hankali waɗannan suka yi ta raguwa, ruwan tafkin ya koma na gishiri wajen shekara 4,000 da suka wuce, hamada kuwa ba ta kafu sosai ba sai kimanin shekara 2,700 baya.

Kafin wannan bincike malamai da dama sun tafi a kan cewa Sahara farat ɗaya ta bushe. Har yanzu ana muhawara game da wasu sassanta, amma a Unianga dai hujja ta tabbata cewa bushewar ta ɗauki shekaru dubbai.