Ayabar da ta kai ɗan kasuwa kotu

A shekarar 2000, jami'an kula da ma'auni suka dira rumfar Steve Thoburn, mai sayar da kayan marmari a garin Sunderland na Ingila, suka yi awon gaba da sikelinsa. Laifinsa shi ne yana auna ayaba da laba, awon da ya gada kaka da kakanni.

Tun ranar 1 ga Janairun shekarar, doka ta wajabta a riƙa sayar da irin waɗannan kaya da kilo da giram, bisa tsarin Tarayyar Turai. Ba ta hana rubuta farashin laba a gefe ba, muddin bai fi na kilo girma ba. Dalili kuwa, laba giram 454 ce, ko rabin kilo ba ta kai ba. Wanda ya ga farashin laba a wannan rumfa, na kilo a waccan, sai ya zaci na farkon ya fi araha.

Sikelin Thoburn laba kaɗai yake nunawa. Kotu ta same shi da laifi a 2001, ya ɗaukaka ƙara ya sha kaye a 2002, ya rasu a 2004. Magoya bayansa sun ɗauke shi gwarzon kare al'ada.

Bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar, gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a ko a sassauta dokar. Sakamakon ya fito a 2023: kusan kashi 99 cikin 100 na masu amsawa kilo suka zaɓa. Aka bar dokar yadda take.