Daga Dakoro zuwa Mujallun Duniya: Darasin Shekarar 2005

Dakoro gari ne na kan iyaka tsakanin noma da kiwo. A arewacin jihar Maraɗi yake, daura da kwarin Tarka, inda gonakin hatsi ke ƙarewa, makiyayar Fulani da Buzaye ta fara. A irin wannan wuri, damina guda in ta gaza, rumbu da garke tare suke ramewa. Haka ta faru a 2004: ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta biyo baya. Kafin tsakiyar 2005 farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, dabbobi kuwa suka faɗi warwas a kasuwa.

A wannan shekara ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a Maraɗi tun 2001, ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a Dakoro da wasu garuruwa. A faɗin Nijar ta yi wa yara fiye da 60,000 magani, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba a aiki guda. Sirrin abin yana cikin wata 'yar leda mai nauyin giram 92: Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai masu gina jiki, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A da, sai an kwantar da yaro a asibiti ana dama masa madara. Wannan kuwa ba ya bukatar ruwa, don haka gurɓataccen ruwan tabki ba ya shiga cikinsa. Uwa ce ke ba ɗanta a gida, ta dawo awo mako-mako. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da takwarorinsu suka amince da wannan hanya.

Daga nan jihar ta zama filin nazari. A 2009 cibiyar bincike ta Epicentre ta kafa reshe a Maraɗi. Binciken da Sheila Isanaka da abokan aikinta suka yi a yankin Madarunfa, aka buga a 2016, ya nuna cewa ba wa kowane yaro mai tamowa amoksisilin, in ba shi da wata cuta a kai, bai ƙara yawan masu warkewa ba. A 2017 aka wallafa sakamakon gwajin Rotasiil, rigakafin zawo mai jure zafi, wanda ya rage zawo mai tsanani da ƙwayar rotavirus ke haddasawa da kusan biyu cikin uku. Nan ne ilimin abinci ya haɗu da na tsabtar muhalli, domin zawo da zazzaɓin cizon sauro na damina su ne ke kayar da yaron da yunwa ta riga ta raunana.

To, amma wa ya mallaki wannan ilimi? 'Ya'yan talakawan karkara ne aka auna wa damtse, sakamakon kuwa da Turanci ya fito, a mujallun Amurka. Kuma ilimin da ke hannun baƙo, da shi yake tafiya: a 2008 gwamnatin Tandja Mamadou ta dakatar da reshen Faransa na MSF, ya tattara ya bar Maraɗi.

Shi ya sa kafa jami'ar Maraɗi a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, yake da muhimmanci, musamman tsangayarta ta kimiyyar lafiya da ta noma da muhalli. Nauyin da ke kanta shi ne ta horar da masanan da za su bi sawun tamowa har tushenta, wato rijiya da rumbu da kasuwa, sannan su mayar wa uwayen Dakoro da abin da suka gano cikin harshen da suke ji. Ledar gyaɗa tana tayar da yaron da ya kwanta, amma ba ta haƙa rijiya, ba ta cika rumbu.