Kaka a Makwar

Makwar ƙauye ne a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, inda aka kammala madatsar ruwan Sannar a 1925. Kaka a nan tana kamawa wajen Oktoba, bayan ɗaukewar damina. Kogin, wanda ruwan tsaunukan Habasha ke tumbatsawa a Agusta, yakan fara janyewa, manoma su bi danshin gaɓa da shuka. Shamuwa ta yi kudu, baƙin gauraki daga Turai da Asiya su sauka a filayen Jazira.

Abin tsoro dai shi ne tsuntsun jan-baki, wanda ke afka wa dawa tana shirin nuna, manoma su wuni suna kora. A gandun dajin Dindir, da aka kafa a 1935, namun daji kan fara komawa bakin tafkuna.